Daga Teburin Mai Gyara: Tsohon Sintisaiza da Sabon Kwantirola

Wasiƙun da suka taru mini a watan nan kusan duk bakinsu ɗaya. Mutum ya tsinci tsohon sintisaiza, wato fiyanon lantarki mai haɗa sautinsa da kansa, irin na analog, ko a kayan gwanjo, ko a siton wata majami'a, ko a ƙuryar ɗakin kawunsa da ya yi kiɗan otal a zamanin Shagari, sai daɗi ya kama shi ya je ya nemo sabon kwantirola ya jona. Ya danna, shiru. Ko kuma sauti ya fito amma ba wanda ya nema ba. Daga nan sai a rubuto mini wai abu ya lalace.

Sau tari ba abin da ya lalace. Mu nan da Yamaha PSR muka tashi, wanda ganga da sarewa da bas da sifika duk suna ciki guda, ka kunna ka hau kiɗa. Kwantirola ba haka yake ba. Ba shi da murya ko ta anini. Ɗan aike ne kawai, ka danna maɓalli ya kai saƙo. To ɗan aiken da ya je da Fulatanci gidan da Barbarci kaɗai ake ji, ko ya kwana yana bayani ba wanda zai motsa. Kafin 1983, shekarar da aka fito da MIDI, wato yaren bai ɗaya da na'urorin kiɗa suke magana da juna da shi, kowane kamfani da yaren da na'urarsa take ji, kuma tsohon da ke gabanka ba zai koyi sabon yare don kai ba. Kai ne za ka gano nasa. Ga biyar daga cikin wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kawuna ya bar mini wani baƙin fiyano mai fuska a tsaye, cike da ramukan waya, an rubuta Korg MS-20. Yana aiki, sai dai maɓallai huɗu sun mutu. Abokina ya ara mini Arturia KeyStep, na jona Pitch da Gate. Tun ban taɓa komai ba sai ya hau kuka, in na danna maɓalli kuma sai ya yi tsit. Do-re-mi ma ba ya tafiya daidai. Don Allah na ƙona shi ne? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba ka ƙona komai ba in sha Allah. Ranar da na fara ganin wannan ɗabi'a a shagona, yaron da ke koyon aiki a wurina ja da baya ya yi har ya ture kwanon kusoshi, ya ce, Oga, wannan abin da aljanu aka kawo shi. Ni ma sai da na shafe rabin yini ina bin wayoyi da mita kafin na gane.

Da farko ka tabbatar wanne ne a hannunka. MS-20 na asali a 1978 ya fito, maɓallansa 37 manya, ramukansa irin na jak ɗin gita, kuma ba shi da MIDI ko kaɗan. A 2013 Korg ta sake fitar da ƙaraminsa, MS-20 mini, shi yana da MIDI da USB a baya. Tunda na kawu ne, ina ɗauka na asalin ne, to Allah Ya ba ka, ka riƙe shi da kyau.

Irin wannan na'ura da ƙarfin wuta tsagwaro ake yi mata magana, ta waya biyu. Ɗaya ita ce CV, wadda aka rubuta wa Pitch a bayan KeyStep, tana faɗin wane sauti za a yi, mai kauri ko siriri. Ɗayar ita ce Gate, ko Trig, tana faɗin yaushe za a fara, yaushe za a daina. Matsalarka biyu ce, kowace waya da tata.

Ɗauki ta kukan tukuna. A wurin Roland da mafi yawan na'urorin yau, in ba a danna komai ba wayar Gate ba wuta a cikinta, in ka danna sai bolt biyar ko fiye ya hau. Wannan shi ake kira V-trig. Korg da Moog na wancan zamani a juye suke yi: ramin yana riƙe da wutarsa, danna maɓalli shi ke saukar da ita ƙasa, sai sauti ya tashi. Sunansa S-trig. KeyStep ɗin abokinka yana zaune ba wuta, MS-20 ya ɗauka an danna masa maɓalli an riƙe, sai ya hau kuka. Ka danna, wuta ta hau, shi kuma ya ɗauka ka saki. Aljanun ke nan gaba ɗaya.

Ta do-re-mi ta fi daɗin bayani. Moog da Roland da ARP sun tsara cewa duk bolt ɗaya da aka ƙara, sauti ya hau oktab guda, wato daga wannan do zuwa do na sama. Bolt 1, 2, 3, 4, hawa huɗu masu tazara ɗaya, kuma tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa kashi ɗaya ne cikin 12 na bolt. Korg MS-10 da MS-20, da ƙananan Yamaha irin su CS-5 da CS-15, ninkawa suke yi: bolt 1, 2, 4, 8. Sai wuta ta ninka kanta sannan oktab ya cika. To ka duba abin da ke faruwa in ka aika lissafin farko wurin mai jin na biyu. Daga bolt 1 zuwa 2 za ka samu oktab daidai, har ka fara murna. Daga 2 zuwa 3 sai ya tsaya a so maimakon ya kai do. Daga 3 zuwa 4 kuwa hawan ko wannan tazarar ma bai kai ba. Shi ya sa can ƙasa maɓallai suke tsalle da yawa, can sama kuma suke cunkushewa wuri ɗaya kamar fasinjojin a-kori-kura.

Sa'arka ɗaya, KeyStep yana jin yarukan biyu, sai dai ba a jikinsa ake canzawa ba. Ka jona shi da kwamfuta, ka buɗe manhajar Arturia mai suna MIDI Control Center, ka je sashen CV da Gate. Ka mayar da Pitch zuwa Hz/V, ka mayar da Gate zuwa S-trig. Zai riƙe saitin ko ka cire shi daga kwamfutar. Sai ka samo waya biyu masu ƙaramin kai a gefe ɗaya, babban kai a ɗayan, dukkansu mono. Pitch ya shiga ramin da aka rubuta VCO 1+2 CV IN, Gate ya shiga TRIG IN. Ka faɗa wa abokinka kafin ka mayar masa, kada ya jona nasa kayan ya ga su ma sun kamu da aljanun.

Akwai rami na uku a bayan KeyStep, Mod. Mutane suna barinsa a banza, alhali nan daɗin yake. Ka kai shi ramin CUTOFF FREQ na matatar sauti ta ƙasa, wadda ke tace siririn sauti ta bar mai kauri, ka ɗan buɗe abin murɗawar da aka rubuta EG2/EXT, sai yatsanka na hagu ya riƙa buɗe muryar yana rufewa kana cikin kiɗa. Abu biyu kada ka manta. MS-20 murya ɗaya yake yi a lokaci guda, ko ka danna maɓallai goma. Kuma ka ba shi kamar minti ashirin ya ɗumama kafin ka daidaita shi da sauran kayan kiɗa, don da sanyin safiyar hunturu dabam yake tashi, da azahar ɗin bazara dabam. Maɓallai huɗun nan kuwa, ina kyautata zaton datti ne a wurin da suke taɓa ƙarfe. Aikin awa ɗaya ne a hannun wanda ya sani.

TAMBAYA: Barka da aiki Oga. A cocinmu akwai Roland Juno-106 da ya daɗe a ajiye. Rabin silaidojinsa, 'yan hannayen nan da ake ja sama da ƙasa don canza sauti, sun karye ko sun cije. Na sayi kwantirola mai MIDI da abin murɗawa takwas don in riƙa juya sauti daga can. Maɓallai suna aiki lafiya, amma abin murɗawar ko ɗaya ba ya taɓa komai. An cuce ni ne? Daga mai kiɗan majami'a a Jos.

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, barka kadai. Ba wanda ya cuce ka, kwantirolanka lafiyarsa ƙalau. MIDI ɗin ne hawa-hawa.

A watan Janairun 1983 ne, a bajekolin kayan kiɗa na NAMM da ake yi a Anaheim ta jihar Kalifoniya, aka fara jona Prophet-600 na Dave Smith, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MIDI, da Jupiter-6 na Roland ta MIDI a gaban jama'a, wannan ya kaɗa wancan. Juno-106 a 1984 ya fito, lokacin MIDI yana rarrafe. Abin da aka fi damuwa da shi a ranar shi ne maɓalli: wanne aka danna, yaushe aka saki. Shi ya sa wannan ɓangaren ya yi maka aiki ba gardama, duk da cewa za ka lura ko ka danna a hankali ko ka doka da ƙarfi, ƙarar ɗaya ce. Juno-106 bai san ƙarfin dannawa ba sam.

Abin murɗawar da ke kan kwantirolan zamani saƙon CC yake aikawa, lamba daga 0 zuwa 127. Na'urorin yau sun saba, misali, cewa CC 74 buɗe matata yake nufi. Juno-106 a cikin CC ɗan abin da ya sani bai taka kara ya karya ba: lamba 1 ta karkarwar murya, lamba 64 ta fedar riƙe sauti. Silaidojinsa da wani saƙo dabam ake motsa su, SysEx, wato wasiƙar da kamfani yake rubuta wa na'urarsa ita kaɗai. In kana son buɗe matatarsa daga nesa, abin da za a aika shi ne F0 41 32 00 05, sai lambar da kake so, sai F7. Wannan 41 ɗin lambar Roland ce, 00 layin MIDI na ɗaya, 05 kuma ita ce matatar. In ka mayar da 05 ta koma 06, ƙarar bakin matatar ce za ta motsa. Kuma duk wannan ba zai shiga ba sai ka leƙa bayan na'urar, kusa da ramukan MIDI, ka tura ɗan makunnin nan mai I, II, III zuwa III. Na ga mutumin da ya kwana biyu yana faɗa da kwamfuta, ashe makunnin yana kan I.

Ƙananan kwantiroloji na kasuwa yawancinsu ba sa aika SysEx daga abin murɗawa. Waɗanda suke yi akwai tsohon Behringer BCR2000, wanda an daina ƙera shi sai na hannu, akwai Electra One, akwai akwatin Stereoping na Jamus da aka yi musamman don irin waɗannan tsofaffin. Akwai kuma ɗan akwatin MIDI Solutions Event Processor da yake zama tsakiya kamar tafinta, ya karɓi CC ya mayar SysEx. Masu kuɗi kuma suna sa allon Kiwi-106 a ciki, ya canza masa ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ya fara jin CC.

Amma in shawarata kake so, ka gyara silaidojin. Duk darajar Juno-106 ita ce komai yana shimfiɗe a gabanka, ka miƙa hannu ka ja. Ana samun sababbin silaidoji daidai da nasa, kuma kuɗinsu bai kai na akwatunan da na lissafa ba. Waɗanda suka cije kawai, ƙura ce. A buɗe a wanke. Don girman Allah kada a fesa musu man da ake fesa wa kusa mai tsatsa, yana kwashe maiƙon da ke ciki ya bar wurin yana tara ƙura.

Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan gwajin. Danna maɓalli ɗaya ka riƙe, ƙara na biyu, har shida. In ɗaya ya yi shiru, ko yana ƙarar suyar ƙosai, to ɗaya daga cikin ƙwayoyin muryarsa, masu lamba 80017A, ta fara mutuwa. Sanannen ciwon gidan su Juno-106 ke nan, daga baƙin ƙaron da aka lulluɓe su da shi. Wannan za a fara yi wa magani.

TAMBAYA: Malam, ina da Akai MPK Mini da nake amfani da shi a kwamfuta. Na samu Korg Poly-800. Na sayi wayar nan mai USB a gefe ɗaya da kan MIDI biyu a ɗayan, amma ba inda zan soka ta. Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, wayar da kika saya ba ta wannan aikin ba ce. A USB dole a samu maigida da bara. Kwamfuta ita ce maigida, ita ke ba da wuta tana tambayar kowa me ya kawo. MPK Mini bara ne, wayar da kika saya ita ma bara ce, to bara biyu in an bar su a zaure sai kallon juna. Ko dai ki bar kwamfutar a tsakiya, MPK ya shiga ta USB, manhajar kiɗanki ta tura saƙon ta waccan wayar zuwa MIDI IN na Poly-800, ko ki nemi ɗan akwatin da ake kira USB MIDI Host, irin na Kenton, ya tsaya a matsayin kwamfutar. Kan da aka rubuta OUT shi ke shiga IN, a nan ake yawan tuntuɓe.

In wata rana za ki sake sayen kwantirola, ki juya bayansa tun a shago ki ga ko akwai zagayayyen ramin nan mai huda biyar. Wasu kuma ƙaramin jak suke da shi irin na iyafis, da ɗan guntun adafta. Shi ma kala biyu ne, A da B, kamarsu ɗaya a ido amma wayoyin ciki a juye suke. Korg da Akai A suke bi, BeatStep Pro na Arturia B. Tun 2018 aka tsayar da A a matsayin na kowa, sai dai kayan da aka riga aka ƙera suna nan a kasuwa. Ki adana adaftan da ya zo a kwali.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, an kawo mini tsohon Roland daga Legas, a bayansa an rubuta 100V. Mai shagon ya ce in sa masa adafta mai baki uku kawai. Haka ne? Daga Sabon Gari, Kano.

AMSA: A'a! Kada ka kuskura. Ajiye mujallar nan ka je ka cire shi daga kusa da soket tukuna, sannan ka dawo mu ci gaba.

Adafta siffar baki kawai yake canzawa, ba ya rage wuta. 100V na Japan ne, na Amurka za ka ga 117 ko 120, mu kuma tamu 230 ce. Ni da nake wannan wa'azin na taɓa yi. Shekarun baya na sayo wani ɗan Yamaha a kayan gwanjo, ɗoki ya hana ni karanta farantin baya, na soka. Fitilarsa ta kawo kamar daƙiƙa uku, sai wani ɗan ƙara, fat, sai warin ƙonannen roba ya cika shagon. Har yau yana saman kanta, na ƙi jefar da shi don in riƙa nuna wa yara.

Abin da kake bukata taransifoma ce mai sauke wuta. Yawancin na kasuwa 110 suke bayarwa, wanda ya ɗara abin da aka yi na'urar dominsa da kashi goma cikin ɗari. Za ta kunnu, amma cikinta zai fi zafi, kuma kayan da suka haura shekara arba'in a garin da bazara take kai ma'auni 40 ba su bukatar ƙarin zafi. Nemi mai ba da 100 daidai, ka sa mita ka gani da idonka kafin ka jona. Wasu na'urorin taransifomarsu ta ciki tana da bakin 220 ko 240 da za a iya komawa kai, wannan sai mai gyara da takardar zanen na'urar a gabansa. Batun 50Hz da 60Hz kuwa, wato saurin bugun wutar, kada ya dame ka, Japan kanta rabi 50 take, rabi 60.

Ka sa sitabilaiza kafin taransifomar, kuma in za a tashi janareta ko a juya layi, ka kashe na'urar tukuna. Ƙari ɗaya ga masu jona CV: in kuka ji wani zuuu a sifika da zarar kwantirola yana cin wuta daga kwamfuta, ku mayar da shi kan fawabank ko cajar waya. MIDI yana da ɗan shinge na haske a ƙofar shiga wanda ya raba wutar na'urorin biyu, CV ba shi da shi.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina da Juno-60. Ba MIDI a bayansa, sai wani dogon rami kamar na tsohuwar firinta, an rubuta DCB. Akwai dabara? Daga Yamai.

AMSA: Amin, wa alaikumus salam mutanen Yamai. DCB yaren gida ne da Roland ta yi kafin MIDI, a Juno-60 na 1982 da wasu Jupiter-8 za ka same shi, bai daɗe ba MIDI ya ture shi. Tafinta kake bukata. Roland da kanta ta yi MD-8, yanzu samunsa sai an sha wuya. Kenton ta Ingila tana da Pro-DCB. Ka sani dai maɓalli kawai zai wuce ta nan, silaidoji sai hannunka. In kana son fiye da haka akwai allon Juno-66 na Tubbutec da ke Balin, amma sai an buɗe ciki an yi aikin dalma, kuma ba kowane mai gyaran rediyo zan miƙa wa Juno-60 ba.

Kafin kuɗin su taru, ga ta talaka. A bayan nan akwai ramin jak da aka rubuta ARPEGGIO CLOCK IN. Duk kwantirolan da ke da Sync Out, irin KeyStep ko Korg SQ-1, ka ja waya daga can zuwa nan, ka sa shi ya riƙa aika bugu ɗaya a kowane taku. Kunna ARPEGGIO da HOLD, danna maɓallai uku ko huɗu ka saki. Juno zai riƙa zagaya su daidai da gudun gangarka, hannunka biyu kuma suna kan matata. In ka ji yana gudu kamar an biyo shi, saitin bugun yana kan 24, ka mayar da shi kan taku ɗaya.